Bangon Mutanen Losad

Ban taɓa neman shugabancin dattawan coci ba. Latti na yi wata Lahadi, ina kwance ƙarƙashin motata ina fama da birki, kafin in iso wurin taro an riga an ɗaga hannuwa. Tun daga ranar, kwanon rufin da ya yi yoyo a cocin San Barnaba, akuyar da ta shiga maƙabarta, mata biyu na zumunta da suka daina gaisawa, duk ƙofar Alban ake bugawa. Ni ne Alban ɗin. Gwiwoyina sun gaji da hawan tudun Sumadok tun kafin furfura ta fito mini, sai ga shi a shekarar da nake ba ku labari bangon arewa ya ƙara mini da nasa.

Bangon ya turo ciki kamar mai juna biyu. Ba duka ba, rabon unguwar Losad kaɗai, daga taga ta biyu zuwa ta uku.

Cocinmu ba hannu ɗaya ne ya gina shi ba, kuma ba ya ɓoye hakan. Lokacin da Padi na farko, wato limamin coci, ya zo, wani dogon Ba'amurke mai jan wuya, ya zana gininsa a takarda ya ce a nemo masa magina. Kakanninmu suka kalli juna. A garin da kowa ke jera dutse don tare ƙasar gonar shinkafarsa a jikin tsauni, wane ne ba magini ba? Sai suka raba aikin yadda suke raba gyaran hanyar ruwa, unguwa-unguwa. Mu 'yan Payew muka kwaso duwatsun kogi masu sulɓi. Tokok suka sassaƙo jan dutse, don su dama can akwai son a gani. Danom suka yi nasu da ƙanana. Losad suka gangaro da baƙaƙen duwatsu manya daga saman tsauni, suka jera su a ɗan jingine kamar bangon gona. Inda aikin wata unguwa ya ƙare, nan na wata ya fara, ba wanda ya saka dutsensa cikin na wani. Shi ya sa akwai tsaga daga ƙasa har rufi a kowace iyaka, an cusa mata farar ƙasa, amma wuƙa tana shiga. An ce Padin ya yi faɗa har wuyan ya ƙara ja, daga baya ya haƙura.

Jiragen yaƙi sun ɗauke rufin farko, bangon bai motsa ba. Ƙararrawarmu ma kwankon bam ne da bai tashi ba, aka rataye shi. Kwanon baftisma turmin dutse ne na wata tsohuwa, har yanzu da shaidar taɓarya a gindinsa. Ranar Lahadi kowa yana zama jikin bangon unguwarsu. Ba a rubuta wannan a ko'ina ba, amma ko yaron goye ya san wajensu.

Dokar gyara ita ma ba a rubuce take ba. Kowace unguwa ita ke gyara rabonta, kuma ba mai taɓa dutsen wata sai dattijonta ya zo da bakinsa ya roƙa. Roƙon kuwa ba na wasa ba ne. Unguwar da ta kasa ɗaga dutsenta ta mutu ke nan: za ta kashe wutar dandalinta, wato dap-ay, da'irar duwatsun nan da maza ke zama da safe, a raba mutanenta ga waɗanda suka karɓe su. An taɓa yi sau ɗaya. Da unguwanni biyar ne, har da Kiltep, kafin haƙar zinariya ta kwashe mazanta. Rabonsu yana kusa da ƙofa, yau ko ni da na san wurin sai na tsaya ina lalube.

To, a Losad mutum uku suka rage: gwauraye mata biyu, da Kawu Bawing, wan mahaifiyata. Saura suna birnin Baguio, suna Hong Kong, suna cikin jiragen ruwa. Kawu ya haura tamanin, yanar ido ta rufe masa gani har ba ya gane fuska sai murya. Ranar Lahadi ba ya yarda a riƙe masa hannu. Yakan shigo ya ɗora tafinsa a bango, ya bi duwatsunmu masu sulɓi yana shafawa, har yatsansa ya faɗa tsagar. Nan zai tsaya, ya juya, ya zauna a bencin farko na Losad. Ban taɓa ganin ya kuskure ba.

Injiniyan da ofishin bishop ya turo ya duba bangon, ya ja da baya da sauri, ya ce ko a sauke shi a sake jerawa kafin damina, ko a rufe cocin. Muka zauna taro.

"Manong Alban," wato Yaya Alban, in ji Padi Winifred, matashiyar da aka turo mana daga ƙasan kwari, "ni ba zan riƙa wa'azi ido ɗaya a Littafi, ido ɗaya a bango ba. A samo magina."

"Maginan suna nan, Padi. Ga Sumbad can zaune."

Sumbad ɗan unguwarmu ne, ba wanda ya kai shi jera dutse. Ko kai bai ɗaga ba. "Ni dai ina son hannuna," ya ce. "Tsoho ya zo ya faɗa, gobe in fara."

"To a kawo na waje."

"Wa zai ba su ruwan sha?" Sumbad ya tambaya. "Wa zai nuna musu hanya?"

Manang Dorcas ta Tokok, wadda bakinta ya fi almakashinta kaifi, ta ajiye saƙarta. "Mazan garin nan ke nan. Dutse zai murƙushe mu muna tsakiyar waƙa, ku kuna jiran tsoho ya ce don Allah. Kai Alban, ba kawunka ba ne? Ko shugabancin naka na riƙe makulli ne kawai?"

Haka aka ɗora mini. Dama wanda ya yi latti shi ake aika.

Na hau Losad da hantsi. Gidaje a kulle, ciyawa ta cinye matakala, amma hayaƙi na tashi daga dandali. Kawu yana zaune shi kaɗai cikin da'irar da take ɗaukar maza talatin, tukunyar kofi a gefen wuta.

"Barka da hantsi, Kawu."

"Direba. Na jiyo ka tun daga gangare, kana huci kamar motarka."

"Motar ta fi ni lafiya."

"Zauna. Kofi ne, ba sukari. In Padi ce ta aiko ka, sha ka koma."

"Bangon ne ya aiko ni."

"Na san da shi. Na sa masa tokara."

Na ga tokarar. Gungumen itacen fir ne guda ɗaya, wanda ya jawo da kansa ya jingina, kamar a tare saniya da tsinken tsintsiya. Kullum da safe yakan gangara da ƙarfen haƙa, ya taɓa wannan dutse, ya cusa tsakuwa ƙarƙashin wancan, ya hau gida yana haki.

"Kawu, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka."

"Wa ya ce hannu ɗaya ne? Ɗana Clement zai zo da Ista, da shi da 'yan'uwansa. Ya ce mini."

"Bara ma ya ce."

"Bara bango bai kira shi ba."

"To ni fa? Ɗan ƙanwarka ne ni. In zo mu ɗaga tare, ba wanda zai ce uffan."

Ya juyo da fararen idanun nan wajena. "Uwarka ta auri Payew, a wutar Payew ka girma. Mutum ba ya jin ɗumin wuta biyu, Alban. Kuma da waɗannan gwiwoyin naka me za ka ɗaga? Cokali?"

Na shanye kofin, mai ɗaci kamar magani, na gangara. Raina a ɓace yake, don na san bai yi ƙarya ba a kan gwiwoyin.

Ista ta zo. Clement bai zo ba. Abin da ya zo buhunan siminti ne, ni da kaina na ɗauko su a motata daga tasha, da kwalin biskit, da sabuwar rigar sanyi. Na kai masa rigar, na kira masa ɗan nasa a wayata, na kanga masa a kunne. Muryar tana fitowa har ina ji.

"Baba, aiki ya riƙe ni. Ba su ba da hutu. Ka ga simintin?"

"An ce mini ya zo. Na tambaya ko yana da hannu, aka ce babu."

"Baba, ka bar musu mana su gyara. Coci ai na kowa ne."

"Daga ciki na kowa ne. Daga waje kowa da nasa."

"Wannan zancen da ne. Ka gaji, ka huta."

"Kakanka ya karye a ƙugu wajen gangaro da dutsen da ke ƙarƙashin taga. Ka san shi? Mai farin layi."

Ina jin ƙarar motocin Baguio ta wayar. "Zan duba Disamba, Baba."

Kawu ya ture wayar da bayan hannu. Simintin ya zauna a bayan coci har ya fara daskarewa.

Daga nan na zama ɗan aike tsakanin tsoho da gari. Padi ta tare ni a kasuwa, Dorcas ta tare ni a bakin famfo, matata Hilda ta tare ni a kan abinci. In hau Losad, in sha kofi mai ɗaci, in gangaro hannu wofi. Na yi lallashi, na yi fushi, har na taɓa ce masa in dutse ya kashe wani alhakin yana wuyansa. Ya ce ya ji. Gaskiya ni a lokacin ba na tunanin Losad, ba na tunanin wuta. So nake kawai in wayi gari wata rana ba wanda ya ambata mini bango.

Ruwan farko ya sauko da wuri. Ranar Laraba da safe muna Jibin Ubangiji na tsakiyar mako, mu kaɗan, ruwa na dukan kwano har ba a jin Padi. Inna Sabina, ɗaya daga gwaurayen Losad, ta tashi ta nufi gaban bagade don karɓar gurasa. Ba ta kai ga durƙusawa ba muka ji ƙara. Dutse ya zame daga saman bangon ya faɗo ciki, ya raba bencin biyu daidai inda ta tashi. Lemarta tana ƙarƙashinsa, ta lanƙwashe.

Inna Sabina ta waiwaya ta kalli lemar. "Sabuwa ce," ta ce, sannan ta zauna a ƙasa.

Kawu yana zaune a ɗaya ƙarshen bencin. Ƙura ta rufe masa kafaɗa. Ya miƙa hannu ya shafa dutsen, a hankali, kamar mai gane ɗan akuyarsa cikin garke.

Padi ta karɓi makulli daga hannuna ta rufe cocin da kanta. Ta hana a kaɗa ƙararrawa, don kada girgizarta ta ƙarasa sauran. Lahadi muka yi sujada a ajin 'yan firamare, manya a kan kujerun yara, gwiwa a haɓa, taswirar duniya a bayan Padi. Kowa ya zauna inda ya samu, Tokok cikin Danom, Danom cikin Payew, waƙar ma ta ƙi daɗi. Kawu bai zo ba. Da muka fito na hango shi a ƙofar coci, hannunsa a kan kwaɗon. Ya jira ƙararrawa bai ji ba, shi ne ya gangaro ya ga ko lafiya.

Lahadi ta biyu ma haka. Ban hau wurinsa ba. Na gaji, kuma ba ni da sabon abin faɗa.

Wata safiya muna zaune a dandalin Payew, hazo bai gama tashi ba, sai muka ji sanda tana taɓa matakala. Kawu ne, sanye da kwat ɗin da ya yi aure da ita, gwaurayen biyu a bayansa. Ya riƙo katangar fasasshiyar tukunya da hannu biyu, hayaƙi na fita daga cikinta. Hira ta mutu. Waɗanda ke da hula suka cire.

Ya tsaya a bakin da'irar, bai shigo ba. "Mutanen Payew," ya ce, "Losad ta kasa ɗaga dutsenta."

Al'ada ce babban dattijo ya yi kamar bai ji ba, don a ba mai roƙo hanyar komawa da mutuncinsa. Lakay Tomas, wanda suka yi kiwon bauna tare suna yara, ya sunkuyar da kai. "Iska ta yi yawa, Bawing. Ba mu ji ba."

Babu wata iska. Hayaƙin wutarmu miƙe yake kamar sanda.

"Tomas, kada ka wahalar da ni," in ji Kawu. "Tukunyar da zafi." Ya ɗaga murya har ta fashe. "Losad ta kasa ɗaga dutsenta. Ku ɗaga mana."

Wani ɗan'uwa na jini ne yake jagorar mai roƙo zuwa wuta, don haka kowa ya kalle ni. Na tashi na kama gwiwar hannunsa. Ban san ya rame haka ba, duk kwat ce. Ya juye garwashin a kan namu, 'yan ƙwayoyi ne jajaye, suka shige ciki, nan take ba ka iya cewa ga na Losad. Wata da watanni ina neman wannan safiya, ga ta ta zo, ni kuwa ban ji daɗinta ba. Baƙin ciki ne, ba wani suna da zan ba shi.

"Direba," ya ce mini ƙasa-ƙasa, "yanzu sai ka yi barci."

Aka yanka kaza, aka sha giyar shinkafa kaɗan, ba wanda ya yi waƙa. Washegari Sumbad ya fito da guduma.

Aikin gayya ne, gari duka. Aka sauke baƙaƙen duwatsun aka jera su a fili, aka haƙe gindin, aka tarar ruwa ne ya daɗe yana cin ƙasan. Mata suna dafa dankali da kabeji da ɗan shanyayyen nama, Manang Dorcas tana rabon abinci tana rabon baƙar magana. Hadari kullum yana haɗuwa da azahar, muna aiki muna kallon sama. Kawu yakan zo ya zauna a kan buhunan simintin ɗansa da suka zama dutse. In an wuce da wani babba sai ya ce a tsaya, ya shafa shi, ya ce wannan fuskar ce waje. Sumbad yana bin maganarsa. Mai farin layin ya koma ƙarƙashin taga.

Ranar da aka zo iyakar Losad da Payew, Kawu bai fito ba, sanyi ya kama masa ƙirji. Ni kuma tun asuba nake jigilar yashi, ban karya ba, gwiwata ta hagu ta kumbura kamar gwanda. Sumbad ya kira ni daga kan tsani.

"Shugaba. Tsagar fa? A bar ta ko a haɗe?"

"Me injiniya ya ce?"

"Ya ce a saka su cikin juna, ya fi ƙarfi. Barin ta zai ci mana kwana biyu, sai an daidaita baki."

Na kalli sama, ta yi baƙi ƙirin ta wajen gabas. Na kalli mutane, duk sun jiƙe sun gaji, shinkafarsu na jiran su a gona.

"Yanzu ai unguwa ɗaya ce," wani ya ce daga ƙasa. "A Kiltep ma haka aka yi."

"Haɗe," na ce, na tafi neman abin da zan ci.

Sumbad gwani ne. Ya zare duwatsunmu na bakin iyaka, ya saka baƙi cikin masu sulɓi, masu sulɓi cikin baƙi, kamar yatsun hannu biyu. Aka gama kafin ruwa mai ƙarfi ya kankama. Injiniya ya zo ya bubbuga ya ce wannan zai kai jikokin jikoki. Padi Winifred ta riƙe hannuna da hannu biyu tana godiya. Na yi barci kuwa, kamar yadda Kawu ya ce.

Lahadin buɗewa aka kaɗa kwankon bam ɗin har tsaunuka suka amsa. Coci ya cika, an kawo furanni, an wanke turmin baftisma, an yi sabon benci a madadin wanda ya karye. Ina zaune a wajenmu na Payew lokacin da Kawu ya shigo, cikin sabuwar rigar sanyin da Clement ya aiko. Wata ta miƙa hannu za ta riƙe shi, ya kauce. Ya ɗora tafinsa a bango ya fara tafiya.

Sai a lokacin na tuna. Wallahi sai a lokacin.

Ya bi duwatsun kogi yana shafawa. Ya zo wurin, hannun ya wuce. Ya ɗan rage tafiya, yatsunsa suna hawa suna sauka, ya ci gaba. Ya wuce sabon bencin, inda Inna Sabina ta ɗaga kai tana kallonsa. Ya wuce taga ta biyu, ya wuce mai farin layi. An riga an fara waƙar shiga, mutane suna tsaye, shi yana ta tafiya jikin bango har sandarsa ta bugi matakalar bagade. Nan ya tsaya, a gaban kowa, inda ba mai tsayawa sai Padi.

Na fita daga benci ina ɗingishi, na isa wurinsa. Waƙar ta yi rauni, wasu sun daina.

"Kawu, ni ne."

"Alban." Bai juyo ba. "Na wuce ne?"

"Ka wuce kaɗan."

"Ina zan zauna?"

Na juyo da shi muka dawo. Na so in kai shi sabon bencin, amma da muka zo daidai inda tsagar take a da, ya tsaya ya sake ɗora hannu. Ya bi layin da babban yatsa daga sama zuwa ƙasa, ya gwada da farce. Ina tsaye ina jiran ya zage ni, da ya yi da na ji sauƙi.

"Wa ya yi nan? Sumbad?"

"Shi ne."

"Aiki ya yi kyau," ya ce. "Ko wuƙa ba za ta shiga ba."

Ya zauna inda na zaunar da shi, kusa da ni. Padi ta ɗaga hannu ta fara addu'a, kowa ya sunkuya. Ni ban rufe ido ba. Har aka tashi hannunsa yana jikin bango, babban yatsan yana tafiya yana dawowa.